Keke a ƙaramin gida: bango, silin ko ƙasa?

Abin da ya fara koya min hankali game da ajiye keke a cikin ɗaki ba komai bane illa feda. Ka tashi cikin dare ba ka kunna wuta ba, ka nufi banɗaki da barci a idonka, sai kaji ƙwas a ƙwaurinka, haƙoran ƙarfen nan sun shige ka, ka tsaya riƙe da ƙafa kana tsaki ƙasa-ƙasa dan kar ka tada mutanen gida. Washegari ka matsar da keken wani lungu, can ma kan keken ya dinga kamo maka hannun riga duk sanda ka gifta. Barinsa a waje kuma ba zai yiwu ba, in ruwa da rana basu cinye shi ba toh mai dogon hannu zai raba ka dashi. Na gwada kusan duk dabarun da ake yi, wasu a gidana wasu a wajen abokai, shi yasa nace bari in jera su gefe da gefe.

Abu ɗaya zaka fara sawa a ranka, keke baya ƙanƙancewa. Duk wani maratayi da za'a tallata maka ba rage masa girma yake ba, ɗauke girman yake daga wani wuri ya kai wani wuri. Keken babba tsawonsa santimita 170 zuwa 180 ne, tsayinsa daga ƙasa zuwa sirdi ko kai wajen 100 zuwa 110. Faɗin kuma kan keken ne ke yanke hukunci: na tsere mai lanƙwasasshen kai 40 zuwa 44, na yawon gari wajen 60, na hawan dutse irin na yanzu 72 har 80, alhali ƙofar ɗaki da yawa faɗinta tsakanin 70 da 90 ne, kaga wani keken ma sai ka karkata kansa kafin ya shiga. Toh kafin ka sayi komai ɗauko tef ka auna naka, sannan ka tambayi kanka abu biyu, me nake da rararsa a gidan nan, ƙasa ce ko bango ko sama, kuma sau nawa nake fita da keken a sati. Tambaya ta biyun ma ta fi ta farkon nauyi, don wanda ya dawo a gajiye da daddare ba zai tsaya kokawa da igiya ba, jingine shi zai yi a inda ya samu, maratayin ya zama na rataye hula.

Jinginewa a ƙasa ita ce kowa ke farawa da ita kuma ba abin raini bace. Ba huda bango, ba ɗagawa, ka shigo ka kafe shikenan. Kuɗinta dai a fili ake biya, wajen murabba'in mita ɗaya ya tafi, a ƙaramin ɗaki kuwa wannan gurin kujera ne guda. In akwai sarari a bayan doguwar kujera ko ƙarƙashin taga, tura shi can ka samo ɗan ƙarfen nan da ake cusa tayar baya a ciki dan kar ya kife. Akwai wata dabara ga wanda ba kullum yake hawa ba, ka sassauta notin wuyan keken da alanki ka juya kan ya miƙe daidai da jiki, ka cire feda ko ka sa irin mai naɗewa, sai kaga keken ya lafe da bango faɗinsa bai fi taƙi da ɗan wani abu ba. In zaka cire feda sifana mai lamba 15 ce yawanci, kuma ta hagu zarenta a juye yake, ɓangaren da kake ɗaure ta dama shi ke kwance ta hagu, mutane da yawa sun ɓata zare a nan suna ta dannawa da ƙarfi. Amma dan Allah kar ka mayar da kwance wuyan keke aikin kullum, wata rana zaka manta baka ɗaure da kyau ba sai kana kan titi ka juya kai taya taƙi juyawa. Sannan keken da zai daɗe a tsaye ka dinga duba iskarsa, in taya ta sace ya zauna a kanta wata da watanni gefen robar tsagewa yake.

Sai ƙugiyar da ake rataye keke a tsaye, tayar gaba a sama ta baya a ƙasa, wannan ita aka fi yabo kuma ita aka fi yi wa mummunar fahimta. Gaskiya ne a jikin bango bata cin wuri, faɗin kan keken kawai take buƙata, kuma ita ce mafi araha a cikin duka. Abin da ba'a faɗa maka shi ne tsayin keken ne yanzu ya koma zurfi, wato sirdi da kai zasu turo cikin ɗaki sama da mita ɗaya. Ka sa ta a korido mai faɗin santimita 100 ka toshe hanya kenan gaba ɗaya. Inda take burgewa shi ne kusurwa, ko gefen wadirob inda dama akwai wani mataccen lungu da ba'a komai dashi, ko bayan ƙofar da bata buɗewa har bango. In kekuna biyu ne ko uku nan fa babu kamarta, ka ɗaga ƙugiya ɗaya sama da 'yar uwarta da kamar santimita 25 zuwa 30 dan kawunan su wuce juna, sai ka iya matso dasu kusa, tazarar 40 ma tana isa in ba masu faɗin kai bane.

Akwai irin mai juyawa, wadda bayan ka rataye sai ka tura keken ya kwanta gefe kamar ƙofa, Steadyrack na ƙasar Ostareliya su suka yi suna da ita, tayar ce ke zama a cikin wani hannu maimakon ƙugiya ta kama wili. Ta fi tsada sosai amma ita ce ke maganin turowar nan, kuma ba sai ka ɗaga keken ba, turawa kake. Ko da ƙugiyar talaka ce ma akwai yadda ake yi ba tare da an karya baya ba: ka riƙe birkin baya, ka ja da baya taku biyu keken zai miƙe a kan tayar baya da kansa, ka saki birki ka gangara dashi har bango, sannan ka sa gwiwa a ƙarƙashin sirdi ka ɗan tura sama, ɗagawar bata wuce ta yatsu huɗu ba in ka kafa ƙugiyar daidai. Shi yasa ba'a kafa ta da ka, miƙar da keken zaka yi a jikin bangon ka sa alama inda tayar ta kai.

Mutane na tsoron wai ratayewa da taya zai lanƙwasa wili. Wilin da yake ɗaukar ƙato mai kilo 80 yana faɗawa rami dashi, kilo 12 ko 15 na keken ne zai gagare shi? Ba abin da zai same shi, kawai ƙugiyar ta zama mai rufin roba, ta shiga tsakanin wayoyin taya, nesa da bakin da ake buga iska. Inda ake taka-tsantsan shi ne wilin kabon mai zurfin nan na 'yan tsere, wasu fatarsu siririya ce. Abubuwan da suka fi ba da matsala a zahiri ƙanana ne, taya mai kauri taƙi shiga ƙugiyar, ko murfin taya mai tare taɓo ya dinga tokarar bango yana lanƙwashewa. In birkinka mai aiki da mai ne, haidirolik, kuma akwai 'yar iska a cikin layin, tsayuwar na iya sa iskar ta matsa sai kaji hannun birkin ya yi laushi, toh ka matsa shi sau huɗu biyar kafin ka hau, in ya dawo da ƙarfinsa lafiya, in kullum haka yake yi ba laifin ƙugiya bane birkin ne ke neman a fitar masa da iska. Sai kuma tabon tayar baya, wannan kam ba makawa, cikin sati ɗaya zaka ga wani baƙin zane kamar jinjirin wata a jikin fenti. Manna ɗan faifan roba ko guntun katako a wurin tun ranar farko.

Bari in faɗi abin da ya same ni a nan, don duk maganar rataya a bango take ƙarewa. Na huda bulo, ina cikin hudawa naji injin ya zurma fuu, ashe na faɗa cikin ramin bulon, nace ba komai, na cusa fisha gajera, 'yar robar nan da sukuru ke shiga cikinta, na ɗaure sukuru biyu, na ja da hannu naji kamar ya kama. Sati biyu lafiya lau. Wata rana da asuba sai ji muka yi rigijib, keken a ƙasa, ƙugiyar na maƙale a taya da fisharta da ɓarɓashin siminti, bango ya yi rami kamar an ɗebe da cokali, hannun birki ya karce tayil. Ba nauyin keken ne ya cire ta ba, ɗan girgizan da ake yi kullum wajen ratayewa da saukewa ne ya dinga cin bakin ramin a hankali. Abin da nayi daga baya shi ne na samo katako mai kauri na ɗaure shi da sukuru huɗu dogaye a wurare huɗu, sannan na ɗaura ƙugiyar a jikin katakon, nauyin ya rabu, shekara da shekaru ko motsi. Ita wannan 'yar robar da ake cusawa a rami wani Bajamushe ne Artur Fischer ya ƙirƙiro ta a 1958, sunansa ne ya bi ta, kuma aikinta buɗewa ne ta cije jikin rami, in babu jikin da zata cije toh ado ce kawai. A kankare ko jan bulo mai tauri ba ka da damuwa. In bangon allon jibsam ne wanda in ka ƙwanƙwasa yake ƙara kamar ganga, dole ka nemo ginshiƙin da ke bayansa, yawanci duk santimita 40 ko 60 akwai ɗaya, allon shi kaɗai ba abin yarda bane. Kuma kar ka huda saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa, ta nan waya ke bi.

Rataya a kwance, wato keken ya zauna a bango yadda yake a titi, hannuwa biyu sun tallafo sandar tsakiya, ita ce mai kyau a hoto. Tana neman bango mai tsawon kusan mita biyu babu komai a kai, amma turowarta cikin ɗaki faɗin kan keken ne kawai, in na tsere ne santimita 45 ka gama, kuma ƙasan ya zama naka, tebur ko kujera ko takalma su shiga. Ga mai keken tsere mara nauyi, kilo 8 ko 9, wallahi babu abin da ya kai ta. Matsalar tana farawa ne in keken ya yi nauyi ko kai ya yi faɗi. Keken ƙarfe na gari mai kariyar ɗora kaya yana kai kilo 16 zuwa 20, kuma a nan ba gangarawa, ɗaga shi zaka yi ɗungurungum har kafaɗa safe da yamma. Na hawan dutse kuma hannun maratayin sai ya miƙo santimita 40 kafin kan ya daina taɓa bango, duk tsawon da hannun ya ƙara kuwa ƙarfin da yake fizgar sukurun sama ƙaruwa yake, kamar ka riƙe bokitin ruwa a jikinka da kuma ka miƙa hannu dashi. Keken mata da bashi da sandar sama sai an sayo wata sanda ta daban da ake maƙalawa tsakanin sirdi da wuya, ƙarin aiki kenan kullum. Ni ɓangaren sarƙa nake juyawa bango, tunda akwai tazara bata taɓa fenti, in ka juyo ta waje rigar duk wanda ya gifta ta shiga uku. Kuma masu rataye shi saman gado ko kujerar zama, ban san ko ba'a ruwa a inda suke ba, ranar da ka dawo cikin taɓo zaka gane.

Silin kuma lissafi ne ke kashe maganarsa. Igiya ce da 'yan wili biyu, ƙugiya ɗaya a kai ɗaya a sirdi, ka ja keken ya tashi. Yawancin ɗakuna tsayinsu santimita 240 zuwa 270, cire 110 na keken, cire kamar 20 na ƙugiya da igiya, tayoyin suna lilo a 110 zuwa 140 daga ƙasa, wato daidai ƙirjinka. Sai dai in rufinka mai tsayi ne sosai, ko saman matakalar bene, ko saman wani abu da dama ba'a bi ta wurin. Kuma allon silin baya ɗaukar komai, sai katakon rufi ko kankare. Na keken da ake hawa sau ɗaya a wata ne, ba na zuwa aiki ba.

Toh ɗan haya fa da mai gida ya ce ko ƙusa kar a buga? Abu biyu ne. Akwai maratayi mai ƙafafu da ake jinginawa a bango, nauyin kekunan ne ke danne shi, akwai kuma sanda da ake tokarawa tsakanin ƙasa da silin a ɗaure ta cije, kamfanoni irin su Topeak na yin ta. Duka biyun keke biyu suke ɗauka, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a kwance. Ka lura ba wai sun ba ka fili bane, filin keke ɗaya suke ci su ajiye maka biyu, dan haka in kekenka ɗaya ne ribar kaɗan ce. Mai nauyin a ƙasa, kuma in zaka sauke fara da na sama. Sandar tokare tana son silin mai tauri, a kan allo zata huda shi ko ta saki, kuma duk bayan 'yan makonni ka taɓa ta kaji ko ta sassauta. In akwai yara ƙanana masu hawa komai, mai jinginar nan bana yarda da ita sai an ɗaure samanta da sukuru ko ɗaya ne, kaga an dawo maganar huda. Ni a ganina gara ka je ka sami mai gidan ku yi magana, ramuka huɗu da za'a toshe a shafa fenti ba abin faɗa bane, da yawa in ka nuna musu zanen taya da jinginewa ke yi a bango su da kansu zasu ce rataye.

Wanda bai riga ya sayi keke ba yana da wata ƙofa da mu bamu da ita, keke mai naɗewa. Shi kaɗai ne ya karya maganata ta farko cewa keke baya ƙanƙancewa. Brompton da Andrew Ritchie ya zana a Landan a 1975, in aka naɗe shi bai kai santimita 60 a tsawo da tsayi ba, kaurinsa 27, yana shiga ƙarƙashin tebur, sarƙar ma a ciki take ɓuya. Tayarsa inci 16 ce. Irin su Dahon masu inci 20 sun fi girma a naɗe amma sun fi sauƙin kuɗi kuma sun fi daɗin tafiya. Sai dai ƙaramar taya bata son rami bata son yashi, ga mahaɗin da ake naɗewa yana son kulawa, kuma kilo 11 zuwa 13 a hannu ɗaya kana hawa bene ba wasa bane. Masu arha sosai ɗin nan kuwa naɗewar ce kawai, nauyin na nan, sai ka ƙare ka daina naɗewa.

Keke mai batir ka bar shi a ƙasa kawai. Kilo 20 zuwa 30 ne, yawancin maratayai ma ba'a yi su dan wannan nauyin ba, duba abin da aka rubuta a kwalin kafin ka gwada. Abin da ya fi wurin ajiyarsa muhimmanci shi ne inda kake caji. Batirin litiyam in ya kama wuta cikin daƙiƙu yake cika ɗaki da hayaƙi, a birnin New York na Amurka kaɗai mutum 18 suka mutu a 2023 ta gobarar irin waɗannan batura. Kuma wurin da ya fi sauƙin kafe keke, bakin ƙofa, shi ne hanyar da zaku bi ku fita. Kar ka yi caji a nan, kar ka bar shi a wuta kana barci, ka yi amfani da cajarsa ta asali, in zai daɗe ba'a hawa a bar batirin da caji kashi 30 zuwa 60 a wuri mai sanyi-sanyi ba rana. Baranda kuma, tunda nasan za'a ce ai ga baranda, rabin waje ce, rana na busar da roba da sirdi, raɓa na sa sarƙa tsatsa, in ba yadda zaka yi toh rufe shi ka bar ƙasan a buɗe iska na shiga.

In ka matsa min in zaɓa, mai hawa kullum da keke mai matsakaicin nauyi ƙugiyar tsaye a kusurwa kusa da ƙofa, in aljihu ya yarda mai juyawa. Mai keken tsere da dogon bango ya rataye a kwance. Mai nauyi ko mai batir ƙasa, bayan kujera. Amma kafin ka huda komai yanko kwali santimita 110 da faɗin kan kekenka ka shimfiɗa a inda kake tunani, ka bar shi kwana biyu, in an taka shi ko ƙofa ta ture shi toh ba nan bane. Ni sau uku ina matsar da kwalin kafin na dace da lungun gefen wadirob. Yanzu akwai tsumma a rataye a bakin ƙofa da nake goge tayoyi kafin in shigo, da wani tsohon faifan roba a ƙasa yana tare ɗigon ruwa. Abin da har yau ban samo masa dabara ba ɗan ƙaramin keken yarona ne, hannunsa baya kai ƙugiya, in na rataye masa kuma kuka, dan haka yana nan kwance a tsakiyar falo, fedarsa a sama.